Daga Gwangwani Zuwa Leda: Ina Alala Ta Dosa?

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushiya ta san hikimar dafa abinci a ƙananan mazubai. Tanda ita ce babbar shaida, domin kowane gurbi nata waina guda yake ɗauka, ga shi kuma yumɓu yana riƙe zafi ya rarraba shi sannu a hankali, ta yadda ƙullu zai nuna har ciki ba tare da ya ƙone ba. Haka alala take. Ƙullun wake idan aka jibga shi a babban mazubi, sai gefe ya dahu tsakiya ta zauna ɗanya. Shi ya sa ake ƙulla shi a ganye ko a zuba a gwangwanin madara ko na tumatir, a shafe cikinsa da mai, a jera bisa karare a tukunya, tururi ya yi sauran aikin.

Abin takaici, leda ta shigo ta yi kane-kane a wannan sana'a. Hujjar masu amfani da ita ba ta raini ba ce: tana da araha, ba ta bukatar wanki, kuma mai talla ba ta jiran a dawo mata da mazubi. Gwangwani ma yana da nasa aibin, don yana tsatsa, bakinsa kuma yana yanka. Sai dai ledar da ake ƙulla gishiri da ita ba don tafasasshen ruwa aka yi ta ba. Masana sun yi gargaɗin cewa zafi da maiƙo suna sa wasu sinadaran roba su ratsa cikin abinci, alala kuwa ga zafi ga manja. Bayan an ci, ledar ta toshe magudanar ruwa ko akuya ta haɗiye ta. Ƙasar Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Mafita ba ta da nisa. Faransawa suna da 'yan kwanonin tangaran da suke gasa haɗin ƙwai da madara a ciki, kowa da nasa, a wanke a sake amfani shekara da shekaru. Maginan tukwane na ƙasar nan ba su gaza yin irinsu ba. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma kayan da ta gina sun yi suna har Ingila.

A nan malamin makaranta yake da abin yi. Darasin sana'o'in gargajiya bai kamata ya tsaya ga lissafo sunayen abinci a allo ba. Ya kawo tanda da gwangwani cikin aji, ɗalibai su ƙirga gurabe, su bambance suya da turarawa, sannan a kai su wurin maginiya su tambaye ta nawa za ta gina musu ƙananan kasake goma sha biyu.