Arzikin Fadama Ya Girmi Na Fetur

Tun da aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, shekara huɗu kafin Nijeriya ta fita daga mulkin Turawan Ingila, hankalin mahukunta ya karkata ga rijiyoyin kudu, alhali kuwa Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda ya yi wafati a 1837, da Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da noma da kiwo suka tsayu tun asali. Lalle wajibi ne hukuma ta kula da madatsar ruwan Goronyo, domin manoman shinkafa da albasa na fadamar Rima su yi noman rani cikin wadata, gama haƙƙin talakawa amana ce wadda za a tambayi shugabanni a kanta ranar hisabi.