Tsohuwar Mota Da Jan Ƙafa Huɗu: Nasiha Ga Fatake Da Malamai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku jama'a, kowa ya san tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, da kuma watan Yuni na wannan shekara da Babban Banki ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sha'anin mota ya sake fuska. Motar da falke yake sanya rai zai saya bayan kaka biyu, yanzu ta yi masa nisa. Hanyoyin ƙauye kuwa ba su sake hali ba: da damina taɓo, da rani rairayi. Shi ya sa wanda yake da tsohuwar Golf, in ya ga Hilux ta ratsa kwari ta wuce shi a kafe, sai ya tambayi kansa, shin ba a iya ciro kayan wata mota da ta mutu a sa wa tawa, ita ma ta riƙa ja da ƙafa huɗu?

Amsa ita ce ana iyawa, amma da sharuɗɗa masu nauyi, kuma wanda bai cika su ba ya sayi hasara da kuɗinsa.

Mu fara da asalin abin. Ƙaramar mota irin Golf ƙafafunta na gaba ne kaɗai suke ja, na baya biye suke yi kamar amalanke. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya ƙera Golf ta biyu daga 1983 zuwa 1992. A 1986 ya fito da wani iri nata mai suna Syncro, wanda ƙafafu huɗu duka suke ja, da taimakon kamfanin Steyr-Daimler-Puch na birnin Giraz a ƙasar Ostiriya. A ido ba ka rarrabe su, amma a ciki sun sha bamban. Akwatin giyar Syncro yana da wani reshe da yake juya ƙarfi ya nufi baya. Daga nan dogon sandan ƙarfe, wanda makanikai suke kira farfela, ya bi ƙarƙashin mota har ya isa ga aksul na baya. A bakin aksul ɗin akwai wani gwangwani cike da faifan ƙarfe da wani mai mai kauri. In ƙafafun gaba sun soma sulɓi, faifan su yi ta juyawa cikin man nan har su kama juna, sai ƙarfi ya tafi baya ba tare da direba ya taɓa kome ba.

To, ga inda wuyar take. Wannan kaya ba ya zama a jikin Golf ta kullum sai an yanka. Daɓen bayan Syncro ya fi tudu domin a sami wurin aksul, ramin da ya bi tsakiyar mota ya fi faɗi domin farfela, tankin mai dabam ne, salansa dabam, ƙarafan da suke riƙe ƙafafun baya su ma dabam. Watau sai mai walda ya yanke gindin motarka, ya yanko na wadda ta mutu, ya haɗa su daidai, ba karkata ko da faɗin yatsa. But ɗin kuma zai ƙanƙance, abin da ya kamata mai ɗaukar buhu ya sani tun da wuri.

Sharaɗi na farko ke nan: kayan su fito daga mota ɗaya, 'yar gida ɗaya da taka. Dalili kuwa, haƙoran giyar gaba da na baya lissafi ɗaya aka yi musu. In aka ɗauko akwatin giya daga wannan, aksul daga waccan, lissafin ya saɓa, sai su zama kamar shanun huɗa biyu da aka haɗa a karkiya, ɗaya mai dogon taki ɗaya mai gajere. Kowane yana jan ɗan'uwansa, har gwangwanin nan ya yi zafi ya lalace, ko haƙori ya karye. Haka nan tayoyi huɗu dole su zama girma ɗaya, cinsu ɗaya. Ɗabi'ar nan ta sayen taya guda guda, ko wace iri aka samu, ba ta tafiya da wannan mota. Akwai kuma wani ɗan makulli a aksul na baya wanda waya da tiyon iska suke motsa shi in an sa giyar baya. Makanikin da ya raina shi ya bar shi a kwance, ranar da mota ta kafe aka nemi ja da baya, ƙafa biyu kaɗai za su amsa.

Sharaɗi na biyu shi ne samun motar da za a ciro kayan. Syncro ba a yi ta da yawa ba ko a Turai, gama ta fi 'yar'uwarta tsada ƙwarai. Mai nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, ya shirya dogon jira. Ya kuma tuna da gobe: ranar da wani abu ya karye a hanyar kasuwar ƙauye, ina za a sami madadinsa?

Sa'an nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Jan ƙafa huɗu ba ya ɗaga cikin mota daga ƙasa. In hanya ta yi kwazazzabo, cikin mota ya zauna a kan tudun tsakiya, ko ƙafa takwas gare ta ba ta motsi. Su kansu masu kamfanin sun san haka, shi ya sa a 1990 da 1991 suka yi Golf Country, suka ɗora ta a kan wani firam na ƙarfe har tsakaninta da ƙasa ya kai santimita 21, kuma guda 7,735 kaɗai aka yi. Dattawanmu sun san Peugeot 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ita ma wani Bafaranshe mai suna Henri Dangel ya soma mayar da ita mai jan ƙafa huɗu a 1980, amma a masana'anta ya yi, da awo da gwaji, ya kuma ɗaga ta sama. Har wa yau, jan ƙafa huɗu ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Nauyi ne ya ƙaru, shan mai ya ƙaru, a zamanin da mai ya zama abin da ya zama.

Yanzu mu juya ga malamai, domin al'amarin ya shiga babin ciniki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a cikin saye da sayarwa, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Motar da aka yanke gindinta aka yi mata walda, aka shafe da fenti, wajibi ne mai sayarwa ya faɗi haka da bakinsa. Akwatin giyar da aka saya a rufe, ba a gwada ba, ba a yi sharaɗin mayarwa ba, akwai tsoron garari a cikinsa. Makaniki kuma ya sani, a mazhabar Imamu Malik mai sana'a yana lamunin abin da aka danƙa masa, saboda haka a yanke lada da wa'adi tun kafin a kunna wutar walda, a gaban shaidu. Mafi girma duka, wanda zai ɗauki fasinja a motar da aka haɗa, rayukan mutane amana ne a wuyansa. Ya kai ta ga ma'aikatan duba motoci su gani kafin ya hau titi da ita.

Shawararmu ga falke ita ce ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta kuɗin matacciyar mota, da ladan walda, da tayoyi huɗu, da kwanakin da motarsa za ta yi a gareji ba ta kawo kome, ya gwada da abin da zai ci masa in ya sayar da tasa ya cika ya sayi wadda aka haifa da ƙafa huɗu. Sau da yawa zai ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda hanyarsa rairayi ce kaɗan, tayoyi masu kyau, da rage musu iska in an shiga yashi, da shebur da igiya a but, sun ishe shi rabin wahala. Wanda kuwa Allah ya hore masa Syncro cikakkiya da ta yi haɗari ta gaba kayan ƙarƙashinta suna lafiya, ga kuma gwanin makaniki mai tsoron Allah, to wannan ya yi, ba laifi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin nema. Haza wasalam.