Neman Asalin Shayi: Daga Ringim Ya Kamata Tafiyar Ta Fara

Gabatarwa

A shekarun baya-bayan nan wani nau'in yawon buɗe ido ya bunƙasa a nahiyar Asiya, wato tafiya takanas domin ganin inda ganyen shayi yake tsira, da ɗanɗana shi a hannun waɗanda suka noma shi. Masu wannan sha'awa sukan hau tsaunukan lardin Yunnan na ƙasar Sin neman shayin Pu'er, ko su sauka Hangzhou a ƙarshen Maris lokacin tsinkar Longjing, ko su nufi Darjeeling ta Indiya, ko Uji ta Japan. Hukumomin duniya ma sun ba lamarin muhimmanci. A 2022 hukumar UNESCO ta sanya dabarun sarrafa shayi na gargajiyar Sin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, a 2023 kuma ta sanya tsofaffin dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai cikin wuraren tarihi na duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Mayu a matsayin ranar shayi.

Bahaushe ya haura shekara ɗari yana shan wannan ganye, amma har yanzu shayi bai sami gurbin da goro ko fura suka samu a nazarin al'adun Hausawa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, manazarta Hausa suna da tasu tafiyar neman asalin shayi da ya kamata su yi, kuma zangonta na farko yana bakin tasha a gari irin Ringim. Asiya ita ce zangon ƙarshe.

Kalmar Ta Riga Matafiya Yin Tafiyar

Tsiron shayi, wanda masana ke kira Camellia sinensis, asalinsa yankin kudu maso yammacin Sin ne da maƙwabtansa. Sunansa ya bazu a duniya ta fuska biyu. Siffar “cha” ta bi hanyar fatake ta tudu, ta zama “chay” a Farisanci, ta zama “shay” a Larabci, daga nan Hausa ta sami “shayi”. Siffar “te” kuwa ta mutanen gaɓar tekun Fujian ce, jiragen ruwan Holan suka kai ta Turai, Ingilishi ya karɓa, Hausa ta aro “ti” daga bakin Turawan mulki. Daga wannan reshe na biyu ne kuma aka sami “atay” ta Maroko da “ataya” ta Senegal da Gambiya.

Wato harshen Hausa ya karɓi baƙin nan biyu, ɗaya ta hamada, ɗaya ta teku, kuma “shayi” ce ta yi rinjaye. Wannan kaɗai abin tsokaci ne ga mai nazarin aron kalmomi. Tun daga aikin Greenberg na 1947 da na Hiskett na 1965, an fi karkata ga kalmomin Larabci na addini da mulki da shari'a. Kalmomin buta da kofi suna da nasu labarin, domin suna nuna waɗanda Bahaushe ya zauna da su a kan tabarma ɗaya. “Finjali” daga Larabci take, “kofi” daga Ingilishi, ga su kuma suna aiki tare a majalisa guda.

Hanyoyi Biyu Da Suka Haɗu

A ƙarni na 19 koren shayin Sin ya game ƙasar Maroko ta hannun 'yan kasuwar Ingila da ke sauke kaya a tashar ruwan Sawira, daga nan ya ratsa hamada tare da sukari. Larabawan Turabulus da Gadamus da suka zauna a Kano, da Buzayen da ke zirga-zirga tsakanin Azbin da ƙasar Hausa, su ne suka fara nuna wa Bahaushe yadda ake dafa shi a ƙaramar buta, a sha a 'yan ƙananan kofuna har zagaye uku. Sunan “shayin Buzaye” da ake ji har yau shaida ne a kan wannan hanya.

Hanya ta biyu ta dogo ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim ya kai Nguru a 1930. Tashoshin wannan layi sun zama wuraren awon gyaɗa, kuma duk inda aka kafa sikeli a wancan zamani, kantin kayan Turawa yakan biyo baya da sukari da madarar gwangwani da baƙin shayi. Wannan baƙin shayi ɗan daular Ingila ne. Turawa sun tarar da nau'in Assam a 1823, Robert Fortune ya kwaso irin shayin Sin zuwa Indiya tsakanin 1848 da 1851, Thomas Lipton ya sayi gonaki a Silon a 1890, aka kuma fara dasa shayi a Kenya a 1903. Sunan Lipton ya bi bakin Hausawa har ya zama sunan kowane ƙullin ganyen shayi, ko wane kamfani ya yi shi.

Ringim, wadda ta zama hedikwatar masarauta a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, tana tsakanin hanyoyin biyu. Kano da kasuwar Singa suna yamma da ita, Maigatari da iyakar Nijar suna arewa maso gabas, kasuwar Gujungu kuma tana cikin masarautarta. Saboda haka a gari ɗaya ana iya nazarin teburin mai shayi da ke haɗa madara da burodi da ƙwai, da kuma majalisar matasa da ke kewaye da ƙaramar buta a kan gawayi. Yaushe aka kafa teburin shayi na farko a bakin tashar Ringim? Wane ne ya kafa shi, ɗan gari ko baƙo? A wane lokaci magidanci ya daina jin kunyar a gan shi yana karya kumallo a waje? Amsoshin waɗannan tambayoyi suna bakin dattawan da suka yi wayo kafin 1960, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Wannan shi ne dalilin gaggawar.

Abin Da Ke Cikin Kofin

Akwai wata gaskiya da mai neman asalin shayi ya kamata ya sani kafin ya yanki tikiti. Shayin da masu yawon buɗe ido ke hawa tsauni dominsa ba shi ne yake zuwa Jigawa ba. Koren shayin da ake sayarwa a Afirka ta Yamma galibi nau'i biyu ne da Sin ke yi domin fitarwa waje, wato chunmee mai lanƙwasa kamar gira, da wanda ake mulmulawa kamar harsashin bindigar toka. A jikin kwalayensu akan ga lambobi irin 41022 da 9371 da 3505, waɗanda ke nuna daraja. Baƙin shayin ƙulli kuwa yawanci garin ganye ne da injin ya murƙushe ya yayyaga ya nannaɗe, dabarar da aka ƙirƙira a Assam wajen 1930 domin ganye ya saki launi da sauri. Ko shayin gida da ake nomawa a Kakara, a tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, baƙin shayi ne na wannan tsari.

Ma'anar wannan ita ce, ɗanɗanon da Bahaushe ya sani da sunan shayi a nan ƙasar ake ƙera shi. Basine yakan zuba ruwan da bai kai tafasa ba a kan koren ganye na ɗan lokaci kaɗan, ba sukari. Mai dafa shayin Buzaye kuwa tafasa ganyen yake yi har ya yi bauri, ya kashe baurin da sukari, ya yi ta ɗaga buta yana tsiyayawa har kumfa ta taru. Uwargida takan jefa citta da kanumfari da masoro da kimba da na'ana'a, wani lokaci ma ta dafa kayan ƙamshin kaɗai ba ganye, kuma sunansa shayi. Wanda ya je Hangzhou bai san wannan ba, zai dawo da labarin shayin wasu, ya bar nasa ba a rubuta ba.

Harshen Hausa yana da kayan aikin wannan bayani. Yana bambanta ɗaci da bauri, zaƙi da garɗi, lami da tsami. Yana da “zartsi” domin ruwan da ke ɓata shayi, da “tsululu” domin wanda ruwa ya yi wa yawa. A bakin tebur kuma ana jin “haɗin kauri” da “ruwan bunu”, waɗanda ke bayyana abin da ke cikin kofi da kuma abin da ke cikin aljihun mai sha. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 kowanne ya yi aikin zamaninsa, amma karin maganar tebur yana sauyawa da sauri fiye da yadda ake sabunta ƙamus.

Ƙorafin Cewa Shayi Baƙo Ne

Wasu manazarta za su ce shayi baƙon abu ne, har ma shi ya ture koko da ƙosai da ɗumame daga karin kumallon gidaje da yawa, don haka bai cancanci a jera shi da abincin gargajiya ba. Rabin wannan magana gaskiya ne. Shayi da burodi sun sauya safiyar Bahaushe, sun kuma mayar da wani kaso na cinikin kumallo daga hannun matan da ke dama koko a cikin gida zuwa hannun maza masu tebur a bakin titi. Sai dai wannan sauyi shi kansa abin nazari ne, kuma ba za a fahimce shi ba in an kawar da kai daga shayin.

Game da baƙunta kuwa, goro ya isa misali. Ba a noma shi a ƙasar Hausa, fatake ne suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja, tafiyar watanni, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. Duk da haka babu ɗaurin aure ko raɗin suna da ya cika ba tare da shi ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya nemi a fitar da shi daga al'adun Hausawa ba. Masara da rogo da barkono da ita kanta gyaɗar da ta gina Ringim duk daga nahiyar Amurka suka zo. Abin da ke mayar da baƙo ɗan gida shi ne aikin da jama'a suka ba shi. Shayi ya sami aikinsa: da shi ake buɗa baki da sahur, da shi ake tarbar baƙo, a kansa ake tafka muhawarar siyasa da ƙwallo. A Nijar, Adeline Masquelier ta wallafa littafi sukutum a 2019 kan “fada”, wato majalisun samari da ke taruwa a kan butar shayi. Majalisun Dutse da Ringim da Gumel ba su gaza waɗancan abin faɗa ba.

Darasi Ga Zoɓo

Akwai dalilin tattalin arziki da ya sa wannan nazari ya wuce sha'awar masana. Abin da ya sa mutum zai biya kuɗin jirgi domin kofin shayi shi ne, mutanen Asiya sun daɗe suna rubuta nasu. Tun wajen shekarar 760 Lu Yu ya tsara littafi kan shayi, ya bayyana wuraren nomansa da kayan dafa shi da irin ruwan da ya fi dacewa. A 2004 Indiya ta yi wa sunan Darjeeling rajista, ta yadda ganyen da ba a yankin aka noma shi ba ba zai ɗauki sunan ba. Rubutu da suna su suka ɗaga darajar ganyen.

Jigawa tana cikin manyan masu noman zoɓo a Nijeriya, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayensa. A Masar ana shan sa da sunan karkade, a Senegal bisaf, a Turai kuma ana ƙulla shi a sayar a matsayin shayi. Amma yana barin gonakin Jigawa ne a buhu, ba sunan ƙauye, ba bayanin iri, ba labarin matan da suka ɓare shi. Manomi ya san bambancin zoɓon wannan jigawa da na waccan, ya san wanda ya fi ja da wanda ya fi tsami. Tattara wannan sani da kalmominsa aikin masanin harshe da al'ada ne. In an yi shi, wata rana mai saye zai iya tambayar zoɓon wani gari da sunansa.

Kammalawa

Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma tana da tsari. Zangon farko bai fi ƙarfin ɗalibin Hausa na Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko Kwalejin Ilimi ta Gumel ba: na'urar ɗaukar magana, da zama da masu shayi da dattawan unguwar tasha da matan gida, a tattara kalmomi da tarihin baka. Zango na biyu shi ne bin kwali daga tebur zuwa dillali, daga Gujungu da Maigatari zuwa Singa da Maraɗi da Damagaram, a gano wanda ke shigo da shi da hanyar da yake bi. Zango na uku ne zai kai ga lardin Zhejiang, cibiyar fitar da koren shayin Sin, inda gidan tarihin shayi na ƙasar yake a Hangzhou, inda kuma birnin Yiwu yake, wanda 'yan kasuwar Hausawa suka riga suka sani. Ƙofa a buɗe take, domin ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, kuma gidan rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963.

Manazarcin da ya isa can bayan ya gama zangon gida zai je da tambayoyi na kansa: me ya sa wannan nau'i ake turo wa Afirka ta Yamma, wa ya zaɓi ɗacinsa, kuma me manomin can ya sani game da masu shansa. Zai kuma je da abin da zai bayar, wato bayanin yadda ganyensu ya zama abin buɗa baki a bakin kogin Haɗeja. Shugabannin sassan Hausa za su iya fara wannan aiki a zangon karatu mai zuwa, ta hanyar ba ɗalibai biyu ko uku batun shayi a matsayin kundin kammala digiri, tun dattawan da suka ga zuwansa suna da ƙarfin ba da labari.