Trovan: An Biya Diyya, Ina Shari'ar?

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Nijeriya, ta kashe mutane wajen 12,000. Ana cikin wannan tashin hankali ne ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a Asibitin Zana da ke Kano da sabon magani mai suna Trovan. Suka zaɓi yara 200, suka ba kusan rabinsu Trovan, sauran kuma wani sanannen magani, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Bayan 'yan makonni suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka tafi, annoba na ci.

Masu kare kamfanin sun riƙe wannan lissafi tamkar laya. Wai 5 bai kai 6 ba, sanƙarau kuma dama kisa yake yi. To, mun ji. Amma wa ya ce gardamar a kan ƙidayar gawa take? Tambayar ita ce: uwar da ta goyo ɗanta wuyansa a sanƙare, shin an gaya mata gwaji za a yi da shi? An gaya mata cewa a harabar asibitin nan likitocin MSF na ba da maganin da aka riga aka amince da shi? Kamfanin ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a yi ba. Wannan ai aikin alƙali ne.

Abin da ya fi ciwo ma namu ne na gida. A 2001 jaridar Washington Post ta bayyana cewa takardar izinin gwajin, mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya gama rahotonsa a 2001, aka jefa shi a aljihun tebur, sai a 2006 ya ɓulla, shi ma a jaridar Amurka. Shekara biyar! Wa ya danne shi?

A 2007 gwamnatin Kano da ta Tarayya suka shigar da ƙararraki, har da tuhumar aikata laifi. A 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba, aka janye tuhuma. Miliyan 35 kacal aka ware wa iyalai, su ma sai sun ci gwajin DNA. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne.

Ba na ƙin bincike, jama'a. Ba a samun magani sai an gwada. Ba na kuma raina diyya. Amma ƙasar da ɓarawon akuya ke shekaru a kurkuku yana jiran shari'a, ita ce ta kasa kai wannan magana ga hukunci. Da Kano ta ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, aka yi ta zagin talaka da jahilci, alhali cikin hujjojin da yake kawowa har da Asibitin Zana.