Hannun CIA a mujallu: Zargin da ya taɓa tabbata, da haɗarin yaɗa shi babu hujja

Duk sa'adda wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta kambama wani shugaba ko ta yi masa kaca-kaca, ba a rasa masu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke riƙe da akalarta. Kafin a kira maganar shaci-faɗi, ya kamata a tuna cewa ta taɓa tabbata.

A shekarar 1950 aka kafa ƙungiyar Congress for Cultural Freedom a Berlin ta Yamma domin yaƙar aƙidar kwaminisanci a fagen tunani. Ita ce ta ɗauki nauyin mujallar Encounter da aka soma bugawa a Landan a 1953. Tallafinta ya iso Afirka ma, inda mujallar Black Orpheus da ƙungiyar Mbari a Ibadan, da mujallar Transition a Kampala, suka amfana. Haka nan taron marubutan Afirka na Makerere a 1962, wanda Chinua Achebe da Wole Soyinka suka halarta. Sai a 1966 da 1967 jaridu da mujallun Amurka suka fallasa cewa kuɗin na CIA ne, ana bi da shi ta hannun gidauniyoyi na bogi. Daga baya, a 1976, kwamitin Sanata Frank Church ya gano cewa kimanin ma'aikatan kafafen labaran Amurka 50 na da alaƙar sirri da hukumar.

Abin lura shi ne yadda tasirin ya gudana. Akasarin marubutan ba su san tushen kuɗin ba, kuma abin da ke zuciyarsu suka rubuta. Mai bayarwa ya wadatu da zaɓen muryar da za ta samu takarda, maɗaba'a da kuɗin tafiya. Wadda ba a zaɓa ba kuwa, talauci ya ishe ta takunkumi.

Sai dai zargin kansa makami ne. Bayan fallasar, gwamnatin Milton Obote ta tsare editan Transition, Rajat Neogy, a 1968 bisa tuhumar tunzura jama'a, duk da cewa ya ce bai san asalin kuɗin ba. Tambarin "ɗan koren CIA" ya sauƙaƙa rufe bakin mujallar da ke sukar masu mulki.

A nan darasin ya shafe mu. Kaso mai yawa na binciken ƙwaƙwaf da ake bugawa a Najeriya a yau ya dogara ne da tallafin gidauniyoyin ƙetare, saboda kuɗin talla ya ja baya. Karɓar tallafi ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ke haifar da zato. Kafar da ke son a yarda da ita ta bayyana wanda ya ba ta, da nawa, da sharaɗinsa. Mai zargi kuma ya kawo takarda, domin da takardu da shaidu aka tona asirin Encounter.