LISSAFI DA RAYUWA: Ɗigo guda da gangara sun isa raba gardama

Sau da yawa aminci na ɓaci tsakanin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati a kan bashi, ba don wani ya yi niyyar cin amana ba, sai don takardar farko ta salwanta. Alhali kuwa maganin wannan gardama na cikin darasin da yara ke koyo a shekarar ƙarshe ta kwaleji, kafin jarrabawar BEPC.

Tun 1637 masanin Faransa Rene Dekart ya bayyana hanyar fassara zane da lissafi. Daga nan aka samu ƙa'idar miƙaƙƙen layi: duk wanda ya san ɗigo guda da layi ya bi ta kansa, ya kuma san gangararsa, wato yawan hawansa ko saukarsa a kowane taki, ya san layin baki ɗaya.

A ɗauka wani ma'aikaci ya karɓi kaya bashi a kasuwar Maraɗi, yana biyan jika 30 kowane wata. Littafin bashi ya lalace, shafi guda ya rage, inda aka rubuta cewa bayan biya na 4 saura jika 180. Wannan shafi shi ne ɗigo. Gangara kuwa −30 ce, domin bashin raguwa yake yi. In x ne adadin watanni, y kuma sauran bashi, sai a rubuta:

y − 180 = −30(x − 4)

In an warware, sai a samu y = 300 − 30x. A sa sifiri a gurbin x: asalin bashi jika 300 ne. A sa sifiri a gurbin y: bashi zai ƙare a wata na 10. Ba rantsuwa, ba zuwa gaban alƙali.

Sai dai akwai sharaɗi: ƙa'idar ba ta aiki sai in biyan bai taɓa canzawa ba. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a Nijar a shekarun 1990 ba su manta da makarar albashi wata da watanni ba. In aka tsallake wata guda, layi ya karye, dole a nemi sabon ɗigo.

Saboda haka abu biyu ya kamata mai ba da bashi da mai karɓa su rubuta a kowane shafi, su sa hannu: sauran kuɗi tare da ranarsa, da kuma abin da ake biya a wata. Ko da sauran littafin ya ɓace, lissafi zai maido da shi.