Ƙwallon Zaidu Da Yaranmu Da Ke Sabha

Masu gidajen kallo ba su manta 7 ga Mayun 2022 ba. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya zura wa Benfica ƙwallo har gida ana dab da tashi, Porto ta lashe gasar Fotugal karo na 30. Kulob ne mai kofin Turai biyu, 1987 da 2004.

Amma fa Zaidu sai da ya buga wa ƙaramin kulob ɗin Mirandela, sannan Santa Clara, kafin Porto ta saye shi a 2020. Don Allah 'yan kasuwa a daina karya jari ana ba dillalin da ya ce zai kai yaro Porto ta Agadas. A Sabha ake tsare yaran, sai a bugo waya gida neman kuɗin fansa.